Abin da Ban Bari Ya Faɗa Ba

Mijin ƙanwata ya rasu a Diffa a tsakiyar kakar tattasai, tsakanin Azahar da La'asar, kuma ni kaɗai ne a ɗakin sa'ad da ya cika. Ni na tsara hakan. Ƙanwata, wadda ta yi zaman aure da shi fiye da shekara arba'in, tana tsakar gida a lokacin tana ɗumama ruwa, domin ni na ce ta je ta ɗumama. Tun ranar da muka kai shi makwancinsa na san akwai tambayar da za ta yi mini, wato me ya faɗa daga ƙarshe, kuma na shafe tsawon takabarta ina kauce wa zama da ita mu biyu, domin ba ni da amsa.

Kafin ya zama surukina, abokina ne. Mun haɗu muna yara a makarantar mishan a Damagaram, dukanmu ƴaƴan Musulmi, iyayenmu sun ba da mu bisa sharaɗin a koya mana boko a bar mana addininmu. Malaman sun cika sharaɗin gwargwadon iyawarsu. Abin da suka dasa mini shi ne tsoron kuskure. Kowace safiya akwai dikte, wato shifta: malami yana karantawa, muna rubutawa, sa'an nan ya tattara takardun ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan alƙalami. Babu kuskuren da yake ƙarami a wurinsu. Ni na ɗauki wannan da gaske har ya zama halina, kuma da na girma ban ga saɓani tsakaninsa da abin da mahaifina ya koya mini a allo ba. Rayuwa a wurina shifta ce: an karanta mana, muna rubutawa, kuma akwai ranar da za a karɓi takardu. Ni da abokina benci ɗaya muke zama. Ya fi ni kaifin kai nesa ba kusa ba, amma rubutunsa ba ya tsayawa a kan layi, kuma idan aka dawo masa da takardarsa ta yi ja, sai ya naɗe ta ya sa a aljihu ya tambaye ni abin da za a ci da rana.

Na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, irin waɗanda ake kira mushe, daga baya darakta. Shi ya karanci aikin gona, mutane suka riƙa ce masa Injiniya. Aikin gwamnati ya kawo mu gabas, ni Maine-Sorowa da fari, shi Diffa, daga baya ni ma aka maido ni Diffa muka zauna unguwa ɗaya. Mahaifinmu ya riga ya rasu, ƙanwata tana hannuna. Da ya nemi aurenta, ita ma ta shaida mini tana so, ban ga abin bincike ba. Mutumin da muka yi shekaru muna cin kwano ɗaya, me zan bincika? Ni na ba da ita.

Bayan auren da ƴan shekaru na bi shi garkarsa a bakin kogin Komadugu, wajen Shetimari. La'asar ta yi muna can, na sauka gaɓa na yi alwala, na shimfiɗa rawanina a ƙasa, na juya na gan shi zaune a kan tudun fangali yana gyaran fartanya.

Na ce, “Injiniya, ga ruwa kogi guda a gabanka. Me kake jira?”

Ya ce, “Yi taka, Mushe, ni ina tsare maka takalma.”

Da na sallame na matsa masa, domin ni ban iya barin tambaya a rataye ba. Ya ajiye fartanyar ya ce, “Kai yayan matata ne, ba zan yi maka ƙarya ba. A gari nakan tsaya a sahu don kada in kunyata mutanena. A nan babu kowa sai kai. Na nema a zuciyata, na daɗe ina nema, ban samu ba. Ban koma addinin malamanmu ba, kuma ba fushi nake da kowa ba. Babu ne kawai.”

Muka komo gari. Na san abin da littattafai suka ce game da irin wannan aure, kuma ni ne waliyyi. Washegari da hantsi, bayan ya fita aiki, na sami ƙanwata tana tankaɗe, na fara yi mata shimfiɗar magana. Ba ta bari na yi nisa ba.

Ta ce, “Na sani, Yaya.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin ka sani.”

“Kuma kika zauna?”

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ta ce, “Idan na makara shi ke tashe ni sallar Asuba. Lokacin ɗari shi ke ɗumama mini ruwan alwala kafin in farka. Tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ni aka ba aikin dubawa ba.”

Ban kai maganar gaban malamai ba, ban kuma gaya wa kowa ba, har matata. Sai na ɗora wa kaina wani aiki: tun da ni na ba da ita, ni zan dawo da shi. Na ɗauka abu ne na shekara ɗaya ko biyu, domin na saba da ɗalibi mai taurin kai, kuma na yi imani da cewa babu hujja madaidaiciya da za a maimaita wa mai hankali ya kasa karɓa.

Muka tsufa muna wannan gardama a gindin dogonyaron ƙofar gidansa, shayi yana kan gawayi, idan wani ya doso sai mu koma zancen farashin taki. Hujjata ba ta taɓa canjawa ba. Idan babu Mai gani, babu Mai sakayya, to me ya raba wanda ya shuka da wanda ya sace? Don me mutum zai tashi da safe? Wata rana na ce masa, “Shiftar da babu mai duba ta, don me za a wahala a rubuta ta daidai?”

Ya ce, “Mushe, da za a ce maka sufeton makarantu ba zai ƙara zuwa ba har abada, za ka bar yaran su rubuta shirme?”

“Ba zan bari ba.”

“Don me?”

“Domin Allah yana gani.”

Ya yi dariya har ya zubar da shayi. Ya ce, “Yau ka yi ƙarya, kuma ba ka iya ba. Kai dai ba ka iya ganin karkataccen layi ka yi barci. Ni ma haka nake da fangalin da bai sha ruwa ba.”

Na ce wannan ba amsa ba ce, ɗabi'a ce kawai, kuma jaki ma yana da ɗabi'a. Ya ce to ya gode, surukin jaki. Haka kullum muke rabuwa, ni ina tafasa, shi yana wanke kofuna.

Akwai wani aiki da ya riƙe tun yana ma'aikaci har bayan ya ajiye aiki, shi ne zaɓen iri. Idan tattasai ya fara nuna, sai ya bi fangali yana duba tushe ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ga ya yi ƙarfi, bai kama cuta ba, ƴaƴansa sun yi kauri, sai ya ɗaura masa ɗan ƙyalle. Masu tsinka sun san tushe mai ƙyalle ba a taɓa shi. A bar shi ya nuna sarai, a shanya shi daban, a fasa, a zuba irin a gora a haɗa da toka a toshe. Baɗi a shuka, a sake zaɓe. Tsoffin zannuwan ƙanwata duka a wannan aiki suka ƙare, har takan ce da ta sayi atamfa yake fara auna ta da ido.

Sa'an nan fitina ta zo daga ƙetaren kogi. Aka tashi mutanen bakin ruwa, aka hana zuwa garake, har cinikin tattasai ma an dakatar na wani lokaci. Mutanen ƙetare suka cika gefen kwalta da bukkokin tamfol, wasu aka kai su sansanin ƴan gudun hijira na Sayam. Shi kuwa ya sare ɗan filin bayan ɗakinsa ya yi fangali biyu, yana ba su ruwan da aka yi wanke-wanke, don kada irin ya yanke. Da hanya ta fara buɗewa, duk wanda ya zo daga cikin baƙin ya ce shi manomi ne a garinsu, sai ya tambaye shi yadda ake dashe, idan ya ji amsar ta manomi ce ya auna masa iri a tafin hannu.

Na ce masa, “Ladan wa kake nema da wannan?”

Ya ce, “Mutumin yana da ƴaƴa, kuma ya iya dashe. Sai an yi mini alkawarin wani abu kafin in ba shi?”

“Za ka mutu, Injiniya. Tattasan nan a miya za a cinye shi a manta da kai.”

“To. Miyar dai ta yi daɗi.”

Dole in rubuta wani abu a nan wanda ba ya yi mini daɗi. Na yi ta jiran ranar da zan ga ya karaya. Ban yi masa fatan sharri ba, Allah shi ne shaida, amma na yi imani cewa mutumin da ba shi da wurin jingina dole wata rana ya faɗi, kuma a ranar zai nemi hannuna. Shekarar da Komadugu ya yi ambaliya ya shanye garkarsa gaba ɗaya, na tafi in yi masa jaje, kuma a hanya na shirya kalmomin da zan faɗa idan na same shi ya haɗa kai da gwiwa. Na same shi cikin ruwa har cinya, tsoho da shi, da tsumma a kafaɗa, yana neman ƴan tushen da suka rage a tsaye a gefen tudu yana ɗaura musu ƙyalle. Ya ɗago ya ce mini, “Mushe, duba waɗannan. Sun sha ruwa har wuya ba su mutu ba. Irinsu daban zan ajiye.” Na koma gida da kalmomina ban yi amfani da ko ɗaya ba, kuma abin da na ji a raina ya fi kama da haushi.

Ciwon da ya kashe shi bai ɗauki lokaci mai tsawo ba. An kai shi asibiti, an dawo da shi, likita ya ce a bar shi ya huta a gida, kuma duk mun fahimta. Ranar, ƙanwata ta aiko a kira ni bayan Azahar. Tsakar gidan cike yake da shanyar tattasai a kan tabarmi, ja wur, sai da na bi gefen bango kafin in kai ƙofar ɗaki. Yana kwance a katifa a ƙasa, ita tana zaune wajen kansa tana jiƙa masa leɓe da auduga. Na zauna kusa da masu cikawa da yawa a rayuwata, na san alamun.

Al'adarmu, kuma koyarwar addininmu, ita ce a laƙƙana wa mai cikawa kalmar shahada, domin ta zama ƙarshen maganarsa a duniya. Malamai sun yi bayanin yadda ake yi. Ba a matsa masa, ba a ce masa “ka ce,” ana faɗa ne a hankali kusa da kunnensa don ya ji ya tuna. Idan ya faɗa sai a yi shiru. Na san wannan sarai, har na sha gyara wa wasu a gidajen rasuwa.

Na ce wa ƙanwata, “Je ki ɗumama ruwa.”

Ta ce, “Yaya, akwai ruwa.”

“Na ce ki je ki ɗumama.”

Ta dubi mijinta. Ta haura shekara sittin, tana da jikoki, amma har ranar ba ta taɓa musa mini a gaban wani ba. Ta ajiye audugar ta fita. Na gaya wa kaina dalili biyu: idan babu ita, ba zai ji kunyar sauka daga matsayinsa ba, idan kuma ya furta abin da bai kamata ba, gara kada ta ji.

Ya buɗe ido ya gan ni, ya ɗan yi murmushi. Ya ce, “Mushe, ka zo da jan alƙalamin?” Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa cikakkiya.

Na sunkuya na faɗi kalmar a hankali, yadda aka koyar. Ya saurara, bai kawar da kai ba. Na sake faɗa. Sai ya kama wuyan hannuna, ya buɗe baki, idonsa yana kan ƙofa. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, amma akwai ta. Da na yi shiru na kai kunnena, da na ji. Tsoro ya kama ni. Na ce a raina, duk abin da zai fito yanzu shi ne na ƙarshe, kuma idan abin da ya gaya mini a bakin kogi ne, to shi ke nan an rufe takarda. Sai na ɗaga murya. Ina da muryar da ke kaiwa bencin ƙarshe a aji mai cike da yara, kuma da ita na yi amfani a wannan ɗan ɗaki. Duk lokacin da leɓensa ya motsa sai in ƙara. Na lura yana jiran in tsaya in ja numfashi don ya sa maganarsa, sai na riƙa gajarta numfashina. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba.

Daga baya ya saki hannuna. Ya daina kallon ƙofa ya dube ni. Babu fushi a idonsa. Kallon da yakan yi mini ne a gindin dogonyaro idan na katse shi, ya jingina ya bar ni in gama. Ya jira, ni kuwa ban gama ba. Sa'ad da na tsaya, ya riga ya tafi. Ina rufe masa ido ƙanwata ta ɗaga labule da buta a hannu, ruwan yana tururi.

An yi jana'izarsa kafin Magariba. Ban taɓa zaton yana da jama'a haka ba. Ma'aikatan da, ƴan kasuwar tattasai, manoman Shetimari, da mutanen ƙetare waɗanda wasunsu da ƙafa suka taso daga gefen kwalta, suna ta'aziyya da Barbarci da Hausa a gauraye. A zaman makoki wani dattijo ya tambaye ni abin da ake tambaya, ko ya samu cikawa da kalma. Na ce na yi ta laƙƙana masa har ya cika. Gaskiya na faɗa, kuma ta ishe su. Liman ya ce Allah ya saka mini da alheri, kowa ya samu aboki irina a ranarsa. Na amsa da amin.

Tsawon takabar kullum ina zuwa gidan, amma sai na tabbata akwai mutane. In gaishe ta daga bakin ƙofa, in tambayi abin da ake bukata, in fita. Ba ta taɓa tambayata a gaban kowa ba. A gida kuwa na riƙa shirya amsa kamar yadda nake shirya darasi. Ina iya cewa ya faɗi kalmar, ta sami sanyin zuciya. Ina iya cewa ya ce ta yafe masa, wanda mai yiwuwa ma shi ne abin da yake son faɗa, domin mai cikawa yakan nemi yafiyar iyalinsa. Kowace amsa na rubuta ta a kaina, na duba, na ga ƙarya ce, na soke.

A waɗannan watanni ne na dubi abin da na yi da idon da na saba duban aikin wasu. Shekara arba'in ina yi wa mutum tambaya ɗaya: idan babu Allah, me rayuwarka take nufi, kuma me za ka ce ranar da za ka bar ta? Na sha gaya masa cewa a gindin bishiya kowa jarumi ne, a kan shimfiɗar mutuwa ake sanin gaskiya. Ranar ta zo, ya buɗe baki zai ba da amsa, ni da na yi tambayar na toshe ta. Na ce tsoron makomarsa ne ya sa ni, kuma akwai wannan, domin ina ƙaunarsa. Amma akwai wani tsoro a ƙarƙashinsa. Na ji tsoron in saurara in ji yana cikin natsuwa, in ji yana maganar ruwa ko iri ko matarsa, ba tare da firgicin da na yi masa alkawari ba. Imanina yana nan inda yake, ina salla, ina tsoron ranar hisabi, kuma har yanzu ban san yadda mutum zai rayu babu wannan ba. Sai dai na ga wanda ya rayu, ya tashi kowace safiya da abin da zai yi da wanda zai yi dominsa, kuma ba ni da bakin da zan ce rayuwarsa fanko ce. Hukuncinsa yana wurin Wanda ya halicce shi. Ni dai an ba ni aiki ƙarami, in faɗi kalma a hankali in yi shiru, kuma ban yi shi daidai ba.

Ta fita takaba a farkon damina, daidai lokacin da ake zuba irin tattasai a wurin reno. Bayan kwana kaɗan ta aiko a ce mini in zo da hantsi. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida, ta shimfiɗa mini tabarma, a gabanta akwai gora biyu, ɗaya da farin ƙyalle a wuya, ɗaya da shuɗi. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, “Masu garka sun zo neman iri. Wannan na da ne, wannan kuma na tushen da suka tsira daga ambaliya. Kowace shekara shi ke cewa ga wanda za a ba wa na bakin ruwa, ga wanda za a ba wa na tudu, ko a gauraya. Bana bai faɗa ba.” Ta gyara zaman gorar. “Yaya, me ya ce?”

Duk amsoshin da na soke suka dawo mini a jere. Na ce, “Ban ji ba.”

“Bai yi magana ba?”

“Ya yi. Ya yi ta ƙoƙari. Ni ne ban tsaya ba. Ina laƙƙana masa, na ɗaga murya, na rufe tasa. Yana kallon ƙofa.”

Sa'an nan ta ce, “Na ji ka. Har bakin murhu ina jin ka. Na ce a raina, Yaya ya shiga aji.” Ta goge ido da bakin mayafi. “Na tashi zan shigo, sai na tuna ka ce in ɗumama ruwa, ruwan kuma bai yi zafi ba. Ka ga irin wautata.”

Na ce, “Laifin nawa ne, ba naki ba.”

“Na san naka ne.” Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. “Ni ban sa ran zai faɗi abin da kake so don ya faranta maka ba, bai taɓa yi maka ƙarya ba. In ma zai faɗa, da kansa zai faɗa, kuma ba mu sani ba, wataƙila kalmar yake nema ya faɗa kai kana ihu. Ni abin da na so, in ce ya yafe mini, in ji ya ce ya yafe. Na bari sai ƙarshe, don kada ya ga kamar na sallama shi.”

Na ce, “Da ya yafe miki. Kin san da ya yafe.”

“Na sani. Ji na so in yi.”

Na roƙe ta gafara. Ni da na girme ta, na rene ta, ban taɓa roƙon ta komai ba sai ranar. Ta jawo gorar mai shuɗin ƙyalle ta zare toshiyar, ta zuba kaɗan a tafinta, irin da tokar, ta hura tokar ta duba, ta mayar. Ta ce za ta ba kowa daga duka biyun, su shuka a fangali daban, su ɗaura wa wanda ya yi kyau ƙyalle, tana da sauran zannuwa.

Sa'an nan ta ce, “Rabona na yafe, Yaya. Nasa ba ni da ikon yafewa.” Ta toshe gorar. “Amma ina da sharaɗi. Idan tawa ta riga taka, ka zo. Ni ina son kalmar, ina son in ji ta daga bakinka, don babu wanda zai faɗe ta daidai kamarka. Ka faɗa sau ɗaya. Sa'an nan ka yi shiru, kada ka aiki kowa ko'ina.”

Na ce, “To.”

Ta ce, “Ka iya?”

Na buɗe baki zan ba ta amsa mai tsawo, da dalilai, sai na ga tana duban bakina. Na rufe shi. Muka zauna a haka, gorunan suna tsakaninmu, har aka yi sallama a ƙofa, masu garka sun dawo karɓar iri.